Maɗigo: daga ina sunan ya fito, kuma wa muke jifa da shi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimako a kan kalma guda, a yi mini haƙuri da nauyin maganar. Ina cikin masu shirya filin mata a wani gidan rediyo nan Maradi. An ba ni wata takarda da Faransanci in mayar da ita Hausa, a cikinta kalmar lesbienne ta fito sau da yawa. Da farko na rubuta "ƴar maɗigo" na wuce. Da na zo karantawa a fili sai bakina ya yi nauyi, don a unguwarmu ba a fiddo wannan kalma sai an tashi cin mutuncin mace.

Kuma ina da dalili na gida. Bara aka fasa auren ƙanwata, sauran sati uku a ɗaura. Tana da shekara 24, suna da shagon ɗinki ita da ƙawarta tun suna koyon tela, tare suke cin abinci, in aikin Salla ya yi yawa nan shagon suke kwana. Wata mata ta faɗi kalmar nan a wurin suna, ta bi gida gida har ta kai kunnen dangin ango. Babu wanda ya ga komai, babu wanda ya zo ya tambaye mu. Yau shagon a rufe yake, keken ɗinkin yana ɗakina.

Tun da aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, aikin fassara ya ƙaru a kanmu, kuma abin da muka faɗa a rediyo shi mutane suke ɗauka. Shi ya sa nake so in san asalin kalmomin nan, namu da na Larabawa da na Turawa, kafin in buɗe baki.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba ƙanwarki wanda ya fi shi. Amma gaskiya wannan ba maganar zaure ba ce, akwai iyayenmu a nan, akwai ƙannenmu.

Almajirin Limanci:
Ɗan Bagalam, a bar ta ta yi tambayarta. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Kuma malamanmu na fiƙihu ba su tsallake babin nan ba, sun rubuta shi da sunansa.

A Larabci ana cewa sihaƙ, ko musahaƙa, ko sahƙ. Duka daga tushe guda suke, wato sinun, ha'un, ƙafun, wanda ma'anarsa niƙa ko goga abu a kan abu har ya yi laushi. Har yau Balarabe yana kiran garin magani ko garin sabulu mashuƙ, wato niƙaƙƙe. Daga tushen nan ne kuma aka sami ma'anar nisa, kamar "makanin sahiƙ" a Suratul Hajji da "fa suhƙan" a Tabaraka, amma wannan wani reshe ne dabam. Abin da nake so ki riƙe shi ne kalmar siffar aiki ta bayar, goguwar jiki da jiki. Siffa musahaƙa, wadda take kan awon mufa'ala, tana nuna aikin da mutum biyu suke yi wa juna, kamar musafaha.

Mushen Lise:
Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Shekara da shekaru ina koyar da Faransanci, kuma abin da ka faɗa shi ne daidai abin da ya faru a ɓangaren Turawa. Kafin lesbienne ta yi ƙarfi, kalmar da Faransawa suke amfani da ita ita ce tribade, aikin kuma tribadisme. Asalinta Girkanci ne, daga aikatau tribein, ma'anarsa goga. Rumawa suka ara, marubutansu na ƙarni na 1 kamar Martial sun yi amfani da ita, kuma suna da tasu ta Latin, fricatrix, ita ma mai gogawa take nufi. Ta shiga rubutun Faransanci a 1566 ta hannun wani masanin Girkanci mai suna Henri Estienne.

Ku duba fa: Girkawa, Rumawa, Larabawa, kowa ya kalli abin ya raɗa masa suna daga motsin da ake yi.

Uwar Biyu:
To Mushe, ita lesbienne fa? Na ɗauka ita ce tsohuwar.

Mushen Lise:
A wannan ma'anar ita ce ƙanwa. Lesbos sunan tsibiri ne a ƙasar Girka, kusa da gaɓar Turkiyya, yana nan har yau, babban garinsa Mitilini. Can aka yi wata mawaƙiya mai suna Safo, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin waƙoƙinta sun ɓace, guntaye suka rage, a cikinsu akwai na bege da yabon mata. Daga sunanta aka sami saphisme, daga sunan garinsu aka sami lesbienne. Ma'anarta ta fari ƴar Lesbos kawai, kamar ka ce ƴar Maradi ko ƴar Damagaram. A ƙarni na 19 sabuwar ma'anar ta mamaye, ta ture tribade gefe. A 1857 kotu a Faris ta hana buga waƙoƙi 6 na mawaƙin Faransa Baudelaire, ɗaya daga ciki sunanta Lesbos.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne a 2008 wasu mutanen tsibirin sun kai ƙara kotu a Atina, suna neman a hana wata ƙungiyar masu neman jinsi amfani da sunan, don matansu da ƴaƴansu suna jin kunyar faɗin inda suka fito. Kotu ba ta ba su gaskiya ba. Ku auna a ce sunan garinmu ne aka wayi gari duniya duka tana kiran wani aiki da shi.

Almajirin Limanci:
Mu ma muna da irin wannan a bakinmu. Luwaɗi daga Larabci liwaɗ yake, an ciro shi daga sunan Annabi Luɗu, shi da ya kwana ya wuni yana hana mutanensa aikin. Shi ya sa wasu malamai suka fi son a ce "aikin mutanen Luɗu", don kada sunan Annabi ya zama sunan laifi. Amma kalma in ta kama baki, cire ta sai Allah.

Ɗan Bagalam:
To ai kun gani da kanku. Girka, Faransa, Rum. Abin nasu ne, su suka kawo muna shi ta finafinai da waya. Kakanninmu ba su san shi ba.

Inna ta Tibiri:
Ɗana, kai yaro ne, bari in hwaɗa maka. Ni na haura shekara sittin. Tun muna ƴan mata, babu tele babu waya, rediyo ma gida guda ke da ita unguwarmu, mun san kalmar maɗigo. Ga bakin tsohi munka ji ta, su ma ga nasu tsohin sunka ji ta. Ba a hwaɗinta gaban maza, ba a hwaɗinta gaban yara, amma an san ta. Kuma ban taɓa jin an ce kalmar Nasara ce ko ta Larabawa ba.

Abin da ya sake shi ne wanga. Zamaninmu kowace ɗiya tana da ƙawa. Ba ƙawa irin ta yanzu ba, ƙawa wadda iyaye sunka sani, ana kai ma juna goro da tuwon Salla, in an yi miki arme ita ka zama kusa da ke, ita ka raka ki ɗaki, in kin haihu ita ka riƙe miki biki. Ni da tawa tabarma guda muke kwana, zane iri guda muke ɗaurawa, kwano guda. Ta rasu shekara huɗu ke nan, ɗiyanta har yau Inna suke ce mini. Da yanzu ne munka yi wanga ƙawance, wallahi da an ɓata muna suna tun ba mu kai ɗakin miji ba. Abin da anka yi ma ƙanwar Uwar Biyu shi ya sa ni rubutu, ni da jikata ke taya ni danna waya.

Ɗalibar Ɗan Dikko:
Inna, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan ƙawarki. Maganarki tana da shaida a rubuce. Kalmar maɗigo tana cikin ƙamus ɗin Hausa na Bargery wanda aka buga a 1934, kuma shi daga bakin Hausawa ya tattara kalmominsa, gari gari ya bi. Kalma ba ta shiga ƙamus sai ta riga ta zauna a bakin mutane. Yaya Ɗan Bagalam, in baƙon abu ne da sunan baƙo zai zo, kamar yadda lakwal da mota da tele suka zo da nasu. Wannan da sunansa na gida muka tarar da shi.

Ɗan Bagalam:
Na ji ta Inna, ba na musu da uwa. Amma yawan da ya yi yanzu fa? Wannan kam waya ce.

Mai Shago a Zariya:
Ni a ganina daga ɗigo kalmar ta fito, ma da ɗigo, kamar maɗauri daga ɗaure.

Ɗalibar Ɗan Dikko:
Kamannin sauti ne kawai, Alhaji. Sunayen da ake ginawa da ma a Hausa suna ƙarewa da i ko a: mabuɗi, maɗauri, maɗinki, makaranta, majema. Akwai kuma kalmomi masu farawa da ma waɗanda ba gina su aka yi ba, kamar maƙogwaro. Kada mu ɗora gini a kan ɗigo.

Ni abin da na lura shi ne Hausa yanzu tana da kalmomi hawa hawa. Akwai maɗigo, tsohuwa, mai nauyi. Akwai kifi, wadda ake sakaya zance da ita, musamman wajen Kano, a ce ƴan kifi. Akwai "neman jinsi" da "auren jinsi", waɗanda gidajen rediyo suka yaɗa, suka cika kunne lokacin da Najeriya ta sa hannu a kan dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14. Sai ta ƴan mata a waya, "ƴar les", guntun kalmar Turawa. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba ni tsoro, don ba ta da nauyi a baki, yarinya za ta jefi ƴar uwarta da ita tana dariya, alhali illarta guda da ta maɗigo.

Mushen Lise:
Bari in ƙara abu guda, don nan ne nake ganin amsar Uwar Biyu take. A ƙarni na 19 likitoci da lauyoyin Turai suka sauya tambayar. Da ana tambaya me aka aikata, sai aka koma tambayar wane irin mutum ne wannan. Kalmar homosexuel an ƙirƙiro ta da Jamusanci, wani marubuci Kertbeny ya fara fitar da ita a bugu a 1869, rabinta Girkanci rabinta Latin. Daga nan likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗauka suka mayar da ita sunan cuta, ta zauna a jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 17 ga Mayu 1990 da aka cire ta. To lesbienne ɗin da ke cikin takardarki a wannan gidan ta girma. Suna ce ta irin mutum, wadda a can wasu mata suke kiran kansu da ita da bakinsu. In kin mayar da ita "ƴar maɗigo" kin ɗauko sunan da wasu suka zaɓa wa kansu kin musanya shi da zagin da ake jifan wasu da shi. Fassarar ba ta yi daidai ba ko ta fuskar aiki.

Alhajin Babbar Kasuwa:
Ni fa ban yarda da inda maganar nan ta nufa ba. Yau a ce kalmar ta yi nauyi a sassauta, gobe a ce aikin ma ba komai. Annabi ya faɗa cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Larabawan yanzu ma ai haka aka yi musu, aka bar sihaƙ da liwaɗ aka kawo mithliyya, daga mithl, wato tamka, don kunne ya daina jin zafi. Abu haramun ne, a kira shi da sunansa mai ɗaci. Ɗacin ne yake tsare ƴaƴanmu.

Almajirin Limanci:
Alhaji, hadisin da ka kawo ingantacce ne, kuma ba wanda ya halatta komai a nan. Malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa. A Sahihu Muslim an hana mace kallon al'aurar mace, an hana mata biyu shiga mayafi ɗaya jiki na gugar jiki babu sutura. Amma tunda ka ce a kira abu da sunansa, to mu kira hukuncinsa ma da sunansa. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda shi muke karantawa a zaurukanmu, da ya zo babin zina ya fitar da musahaƙa daga haddi, ya ce ladabtarwa ce gwargwadon ijtihadin alƙali. Alƙali fa, bayan an tabbatar a gabansa. Ba matan gidan suna ba, ba samarin fada ba.

Aya ta 15 a Suratun Nisa'i, wadda wani malamin tafsiri na da, Abu Muslim al-Asfahani, ya ce a kan wannan aikin ta sauka, alhali jamhuru, wato yawancin malamai, sun ce zina ake nufi, ko a kan fassararsa shaidu huɗu ayar ta nema. Wadda ta yi magana a kan ƙanwar Uwar Biyu shaida nawa ta kawo? Suratul Hujurat ta hana zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, duka a ayoyi biyu a jere, 11 da 12. Wanda ya jefi mace da wannan kalma babu hujja shi ma ya cancanci ladabtarwa a wurin alƙali. Mun riƙe haramci ɗaya da ƙarfi mun saki uku.

Kuma don Ɗan Bagalam: wani malami ɗan Arewacin Afirka, Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya ware babi guda a wani littafinsa a kan matan da suke wannan aiki a zamaninsa, har ya kawo sunan da suke kiran junansu da shi, zarifa, wato mai kwalliya da iya zance. Shekara sama da 700 ke nan, babu waya.

Alhajin Babbar Kasuwa:
Malam, a kan ƙazafi ina tare da kai, ni ma ina da ƴaƴa mata biyar. Amma ban janye ba a kan sassauta suna.

Ungozoma:
Ni aikina da mata ne dare da rana, bari in faɗi abin da nake gani. Matar da take da wata damuwa a jikinta ko a zuciyarta, ba ta zuwa wurin wanda ta san zai kira ta da sunan zagi. Sai ta yi shiru, ciwon sanyi ya ci ta, ko damuwa ta hana ta barci, ta rame ana cewa aljanu ne. Mu a ɗakin awo ba mu cewa ke wace ce, cewa muke me ya faru, yaushe, ina ke miki ciwo. Da haka ake samun gaskiya har a yi magani, wadda take son nasiha kuma a nuna mata malama mai riƙe sirri. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da mijinta ya kora da dare da ciki wata bakwai, don an ce masa ƙawarta tana yawan zuwa gidan. Ƙawar nan ita take kawo mata kunu da safe saboda laulayi, shi kuwa yana Legas wata huɗu.

Tsohon Ɗan Mokoyo:
Waɗanda sunka ga tarzomar Nuwamban 2000 a garin nan sun san inda irin wanga ke kaiwa. An fara da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi da anka shirya Yamai, anka ƙare da ƙone wurare da dukan mata nan Maradi. Taro in ya tashi ba ya tambayar shaida, suna kawai yake bi.

Ɗan Bagalam:
Ina yaro lokacin amma na tuna hayaƙin. Hajiya Uwar Biyu, ki yafe mini maganata ta farko.

Uwar Biyu:
Babu komai ƙanena, da ba ka yi magana ba da Inna ba ta fito ba.

Ga abin da zan yi, ku gyara mini in na kauce. Inda takardar take maganar aikin, zan ce maɗigo kai tsaye, ba zan sakaya ba, don Alhaji yana da gaskiya cewa kada a ruɗe mai sauraro, kuma kalmar tamu ce, kowa ya san ta. Inda take maganar matan Turai da suke kiran kansu lesbienne, zan ce "matan da suke neman mata ƴan uwansu", in bayyana cewa haka suke kiran kansu a can. "Ƴar maɗigo" ba za ta fito daga bakina ba. Kuma zan gaya wa mai kula da na'ura, duk wanda ya bugo waya ya fara cewa akwai wata a unguwa kaza, ko shagon wance, a yanke layin kafin ya ƙarasa.

Malam, ina roƙon ka rubuto mini lafazin Shaihu Halil da wasali, da ayoyin Hujurat, don in karanta daidai. Inna, in kin yarda zan zo Tibiri da na'urar ɗaukar murya ki ba mu labarin ƙawancen da, yadda ake ƙulla shi da abin da ƙawa take yi ranar aure da ranar suna. Ina so ya zama rabin shirin.

Alhajin Babbar Kasuwa:
In haka ne ba ni da ja. Amma ki sa malami a shirin, kada a bar shi ga ƴan boko kaɗai.

Almajirin Limanci:
Zan turo miki bayan Isha'i in sha Allah.

Inna ta Tibiri:
Ki taho ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci, ina gida. Ki zo da ƙanwar taki, da ƙawar tata in tana gari. Ina da atamfa turmi biyu da ke jiran ɗinki tun Salla ƙarama, ku taho da abin awo.